Ɓarawon Da Ya Naɗe Waya

Sufeto Orysia Hrynko ta tarar da mai motar a tsaye a lungun bayan gidansa, yana kallon wurin da motar take kwana kamar wanda aka yi wa rasuwa. Sanyin garin Winnipeg na tsakiyar Janairu yana yankan kunne, amma mutumin ko hula bai sa ba.

"Kai ne Wendell Thiessen?"

"Ni ne. Sufeto, motar nan ƙirar Jamus ce, baƙa wuluk, kujerun fata. Ta hannu na saya, amma ko a kamfani ba za ki ga..."

"Ban zo taya ta ba. Yaushe rabonka da ita?"

"Jiya da safe, da zan tafi aiki. Na shafa ta, na wuce tashar bas."

"Kana da mota kake hawa bas?"

Ya dube ta kamar ta zage shi. "A wannan gishirin da ake watsawa a titi? So kike tsatsa ta cinye ta?"

Orysia ta san irinsu sarai. Mutum ya ga motar manya ta tsufa ta yi arha, ya kwaso ta, daga nan ya zama bawanta. Wannan ma ko garejinsa ba ta shiga saboda tsawo, shi ya sa take kwana a lungu.

Ta juya ga bangon garejin. A nan soket yake, wanda kowa a garin yake jona wa motarsa don kada injin ya daskare. Doguwar wayar tana rataye a ƙusa, an naɗe ta tsaf, an sakaya bakinta a ciki don kada dusar ƙanƙara ta shiga.

"Kai ka naɗe wannan?"

"Ni? Ina na ga natsuwar naɗe waya? Haka na same ta."

Tun da Orysia ta fara aiki take ganin satar mota a hunturu. Ɓarawo fizgar mota yake yi, waya ta tsinke, ko ta bi shi tana jan ƙasa. Ba ta taɓa ganin wanda ya tsaya ya gyara wa masu gida kayansu ba.

"Ba sai kin wahala ba," in ji Wendell. "Matata ta ga ɓarawon ta taga. Makanikena ne, Rodel. Tun jiya mutanenku suka kama shi."

Nan ran Sufeto ya fara ɓaci, don babu wanda ya gaya mata an yi kamu.

A caji ofis ta samu Saje Lavallee yana shan kofi, fuskarsa fal murna.

"Ranki ya daɗe, aikin ya ƙare. Ga shaida, ga mai laifi. Yau da la'asar zan miƙa takardar tuhuma."

"Ina motar?"

"Zai faɗa."

"To idan ya faɗa sai ka yi murnar. Buɗe mini."

Rodel Macaraeg ɗan Filifin ne, siriri, baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin faratansa. Yana ganinta ya miƙe tsaye.

"Zauna. Kana da makullin motar Thiessen?"

"A'a, Madam. Ban taɓa riƙewa ba."

"Motar da ta fi daɗewa a garejinka fiye da gidan mai ita? Da me kake tayar da ita, da addu'a?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ga, kada ka raina mini hankali. Ƙarya ɗaya ta ƙara fitowa daga bakinka, na tashi na bar ka da Saje."

Sai idanunsa suka kawo ruwa. "Madam, tsoro ne. Takardar zamana a ƙasar nan tana gab da fitowa. Aka ce ko tuhumar sata aka rubuta wa mutum, shi ke nan, komai ya tsaya, ƙarshenta a mayar da shi gida. Matata da 'ya'yana suna can suna jira in ɗauko su. Na riƙe makulli na biyu, gaskiya ne. Amma na mayar."

"Wa ka ba?"

"Madam Lorraine, matar mai motar. Satin da ya wuce ta zo da kanta ta karɓa, ta ce maigida ne ya aiko ta."

"Akwai wanda ya gani?"

"Babu. Ni kaɗai ne a garejin."

Orysia ta fito ta nuna Lavallee da yatsa. "Takardar nan ta bar teburinka ban dawo ba, ni da kai ne."

"Ranki ya daɗe, doka ta ce ko a tuhume shi ko a sake shi yau."

"Na san dokar tun kana wasan ƙasa."

Kafin azahar aka bugo waya. Wani manomi ya ga ƙonanniyar mota a bakin gonarsa, bayan gari, ba nisa da inda bas yake juyawa. Orysia ta je ta zagaya ta. Motar manya ta koma gwangwani, tayoyin sun narke, sai ƙauri. Ba a fasa wurin makulli ba, ba a kwance komai ba. Ga fitilun nan a jiki, ga ƙarafan tayoyin masu tsada.

Ta yi tsaki. Wane makanike ne zai saci mota irin wannan, ya ƙona ta da kayanta a jiki? Wanda ya yi wannan ba riba yake nema ba. Haushi ne ya kawo shi.

Ta bugo wa Wendell ta gaya masa. Sai da ta janye wayar daga kunnenta saboda ihun da ya kurma.

"Ka gama? Me da me ke cikin motar?"

Ya shiga lissafi yana shessheƙa. Man goge fata, tsumman goge gilashi, safar tuƙi. "Sai bargon surukata, Allah ya jiƙanta. Kore ne, saƙar hannu. Kullum yana kujerar baya, ina shimfiɗa shi don kada wani ya zauna a kan fatar."

Orysia ta leƙa kujerar baya. Toka ce kawai, ba a gane komai. Ta koma cikin gari.

Lorraine Thiessen ce ta buɗe ƙofa. Gajeriya ce, tsaf da ita, gidan ma tsaf. Ta kai Sufeto kicin, ta zuba mata kofi, ta ajiye faranti a ƙarƙashin kofin. Wendell yana zaune a gefe ya yi tagumi.

"Madam, ki maimaita mini abin da kika gani."

"Na riga na gaya wa Saje. Ina wanke-wanke, na ga Rodel ya shiga motar ya ja ta."

"Ta wannan tagar?"

"E."

Orysia ta tashi ta leƙa. Daga nan ana hango lungun, gaskiya ne.

"Ya zo da sauri ke nan."

"Kamar walƙiya. Kafin in ajiye kwano ya ɓace."

"Bai tsaya ya taɓa komai ba?"

"Ko kaɗan."

"Ke ma ba ki fita ba daga baya?"

"A wannan sanyin? Waya na ɗauka na kira Wendell."

"To wa ya naɗe wayar wuta ya rataye ta a ƙusa?"

Lorraine ta gyara zaman kofinta. "Ina zan sani?"

"Rodel ya ce kin karɓi makulli a wurinsa."

"Ƙarya yake yi. Me zan yi da makullin wannan tsinanniyar?"

"Lorraine!" Wendell ya ɗago. "Ki iya bakinki!"

Orysia ba ta kula shi ba. Ta taka zuwa bayan ƙofar kicin, inda tun shigowarta ta hangi kwandon wanki. Wayar dutsen guga tana rataye a sama, naɗinta iri ɗaya da na waje, har sakayen bakin. Ta ɗaga tawul ɗin da ke saman kwandon, ta zaro abin da gefensa ya leƙo. Bargo ne kore, saƙar hannu. Ta shimfiɗa shi a kan tebur, a gaban mijin.

Wendell ya miƙe a hankali. "Wannan ai yana cikin... jiya da safe na gan shi ta gilashi."

"Ɓarawon naku akwai ladabi," in ji Orysia. "Ya naɗe muku waya, ya cire muku bargo, ya kawo har kwandon wanki. Madam, kin gama wasa da hankalina, ko da saura?"

Lorraine ta daɗe tana kallon bargon. Da ta buɗe baki, ba Sufeto ta kalla ba.

"Ni na ƙona ta. Kuma da za ta dawo, da na sake."

"Kin haukace?"

"Yi mini shiru, Wendell! Ranar da aka bugo daga garin Brandon aka ce Mama ba za ta kai yamma ba, me na ce maka? Na ce mu aro motar maƙwabta. Ka ce Allah ya kiyaye 'yan'uwana su gan ka a ƙaramar mota. Muka hau taka. Motar ta mutu a tsakiyar hanya, ta durƙusa kamar raƙumi. Mai janwe ya zo, ka kore shi, wai zai karce mata baki, sai dai a kawo mai ɗauka a baya. Ina zaune a cikinta ina kuka, kai kana goge mata fitila da hannun riga. Da muka isa, an riga an rufe wa uwata fuska!"

"Ai ba ni na lalata ta ba. Famfon iskar da ke ɗaga ta ne..."

"Kin ji ko? Kin ji shi? Har yau famfon iska ne!"

Orysia ta ji kamar ta kwaɗa wa mutumin mari. Amma ba shi ya fi ba ta haushi a lokacin ba.

"Na ji na mijinki. Da shi kika ƙulla wa sharri, da sai in ce ku kuka san tsakaninku. Rodel fa? Me ya yi miki?"

Lorraine ta share ido. "Duk lokacin da motar ta mutu sai in ce na huta. Sai shi ya tayar da ita. Bayan jana'iza ma sai da ya gyara ta, ya kawo ta har gida yana murmushi."

"Aikinsa ke nan! Mutum ya baro ƙasarsa, yana kwanciya a ƙarƙashin motocinku a kan siminti mai sanyi, don ya ga 'ya'yansa. Kin san da bakin nan naki kin kusa raba shi da su?"

"Ban yi zaton za ta kai haka ba. Na ɗauka tambayoyi za a yi masa."

"Ya kwana a sel, ke kin kwana a gadonki. Ko waya ba ki ɗaga ba."

Ta bugo wa Lavallee a gabansu. "Yaga takardar nan, ka ba shi kayansa. Ka kuma ba shi haƙuri, ina so in ji a bakinsa cewa ka ba shi." Ta kashe, ta juya ga matar. "Ƙona dukiya, da ba 'yan sanda labarin ƙarya. Ɗauko rigar sanyinki."

Wendell ya biyo su har ƙofa. "Sufeto, ƙarafan tayoyin fa? Za a iya ba ni su?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

A mota, sai da suka kusa isa Lorraine ta ce, "Ki ce masa ya yafe mini."

"Ni ba 'yar aikenki ba ce. Kina da baki."

Suna hawa matakalar caji ofis, Rodel yana fitowa, igiyar takalminsa da aka karɓe a sel tana hannunsa. Babu wanda ya gaya masa wa ya kai ƙararsa. Yana ganin Lorraine ya yi sauri ya riƙe mata ƙofa.

"Madam, sannu da wahala. An ce an ƙona motar. Ki ba maigida haƙuri."

Lorraine ta kau da kai. Sai a lokacin idon Rodel ya sauka a kan ankwar da ke hannunta. Bai saki ƙofar ba har Sufeto ta shige da ita.