Ɗanduba Bai San Gyara Ba

Buhu ya hau kan bel ɗin ƙarfe, bel ya ja shi a hankali zuwa bakin na'urar. Wani siririn hanci mai kamar allurar ɗinkin buhu ya fito ya soke shi, ya shaƙi zoɓon da ke ciki, ya koma. Idanun gilashi suka zagaya buhun sama da ƙasa. Sai bel ɗin ya ɗan nutsa, alamar ana awo. Kafin mutum ya gama amsa sallama, labarin buhun ya hau tauraron ɗan'adam, ya tsallaka teku zuwa Amurka, ya dawo. Fitila ta kama. Kore.

"Kore kuma!" in ji wata mata a layi. "Yalwa, wai ke da Ɗanduba nono ɗaya kuka sha?"

Yalwa ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Yayarta Hansai, wadda ke tsaye bayanta da nata buhunan, ita ma ta yi dariya, irin wadda ba ta wuce leɓe. Da nata ya shiga, hancin ya soka, idanun suka zagaya, bel ya nutsa. Fitila ta kama ruwan ɗorawa, kamar kullum.

A wancan zamani Birnin Kanya ya zama garin zoɓo. An yi gidaje masu hawa da rufin da ke shan rana, an yi rumfunan shanya masu juya kansu, jiragen gajimare kuma suna sauka a bayan gari kamar manyan ƙorai da aka kifa a sama. Duk wannan ya zo ne bayan yarjejeniyar da gwamnatin ƙasar ta ƙulla da Amurka. Amurkawa suka ce zoɓo zai shiga ƙasarsu ba harajin fito, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada gwamnati ta tallafa wa manoma a ɓoye har su karya farashin manoman can. Na biyu, kowane buhu sai ya bi ta na'urarsu. Sunan na'urar na Turanci dogo ne, matan gari suka sa mata Ɗanduba. Mai kore, kayanta su hau jirgin farko. Mai ruwan ɗorawa, ta jira na baya. Ja kuwa ba a taɓa gani ba, sai dai a ji labari.

Abin da ke cin Hansai ba jiran jirgi ba ne. Ita ta goyi Yalwa. Ita ta koya mata yadda ake ɓare zoɓo ba a fasa shi ba, da yadda ake sanin ya bushe da jin ƙararsa a tafin hannu. Da Innarsu ta rasu, ita ta aurar da ita. Yau ga shi an ɗora fuskar Yalwa a kan babban allon hasken da ke bangon tasha, tana murmushi, tana riƙe da zoɓo, fuskar ta fi ƙofar gari girma. Duk inda Hansai ta tsaya a Birnin Kanya, in ta ɗaga kai sai ta ga ƙanwarta. Har ta koma bin hanyar mahauta don kada ta gani, sai ta tarar can ma ana hango goshin.

Matan ƙungiyar masu zoɓo suka zaɓi Yalwa shugaba. Hansai ta ɗaga hannu tare da su, hannun ya yi mata nauyi kamar taɓarya.

Rannan allon ya canja, wata Ba'amurkiya wakiliyar ciniki ta fito a kai. Bakinta na Turanci, na'ura na mayarwa da Hausa mai tsauri kamar ba a jiƙa ta ba. Ta ce yarjejeniya ta cika shekara. Ta ce za a yi babban lodi na murna, kuma in kayan Malama Yalwa suka fito kore a ranar, za a ɗauke ta a jirgin a kai ta Amurka, ta tsaya gaban manyan can a matsayin shaidar abota.

Guɗa ta tashi. Hansai ta ji kamar an zuba mata garwashi a zani.

Da layi ya watse, ta tsaya wajen Injiniya Mudi, mutumin garin da aka koya wa kula da Ɗanduba. Yana goge idanun gilashin da tsumma.

"Injiniya, don Allah tambaya. Wannan aljanin naka, me na yi masa? Ko kakata ta ci masa tuwo ne?"

Mudi ya yi dariya. "Gwaggo Hansai, zoɓonki ya fi na kowa tsabta, hancin ma ya shaida. Awo ne ke kayar da ke. Kullum buhunki ya ɗara."

"To ai gyara ne. Wa ke sayar da abu ba gyara?"

"Shi bai san gyara ba. A wajensa, in kaya ya fi abin da aka biya, to wani ne ya cika a ɓoye. Tallafi ke nan, abin da suka hana. Yalwa da mazubi, na'urar cika buhu, take cika nata, shi kuma mazubi yana auna daidai ya liƙe baki. Ke kuwa sai kin ƙara da hannu kin ɗinke. Ki daina, gobe ki ga kore."

"Yalwa ta san haka?"

"Ina fa. Ita dai ta ga mazubi ya fi sauri. Ni ma kwanan nan na gane."

Hansai ta yi godiya ta tafi. Da ta nufi gida ta daina gyara, da labarin ya ƙare nan. Amma a hanya ta ɗaga kai, fuskar nan ta yi mata murmushi daga bango. Sai zuciya ta ce mata, ko ta samu kore gobe, ba ita za a kai Amurka ba.

Ta sami Yalwa a rumfar shanya da hantsi, tana tsince ƙasa daga zoɓo.

"Sannu da aiki, matar Amurka."

"Kai Yaya, har da ke? Zauna mana. Wallahi tsoro nake ji. An ce abincinsu ba yaji."

Hansai ta zauna, ta sa hannu tana taya ta. Can ta yi ajiyar zuciya.

"Jiya Inna ta faɗo mini a rai."

Hannun Yalwa ya tsaya. "Allah Ya jiƙan Inna."

"Amin. Kin tuna ta a bakin kasuwa? Ko rabin mudu aka saya, sai ta dumbuza ta ƙara. Ta ce awo haƙƙi ne, gyara kuwa mutunci." Hansai ta kalli ƙasa. "Ni dai ban ce komai ba. Amma mutanen nan sun ɗaga ki, za su ɗauke ki har garinsu, ki je musu da kaya cif-cif kamar kin auna wa maƙiyi. Su ce 'yar wa ce wannan?"

Idanun Yalwa suka ciko. "Wallahi Yaya ban taɓa tunani ba. Tun da na kama mazubin nan ban ƙara wa kowa ko ƙwaya ba. Ashe na bar hanyar Inna ban sani ba."

"Ɗan kaɗan dai. Hannu ɗaya a buhu."

"Allah Ya bar mini ke, Yaya. Wa zai gaya mini in ba ke ba?"

Hansai ta tashi da sauri, ta ce ta bar tukunya a wuta. Abin da take so ƙarami ne. Fitila ta yi wa Yalwa ruwan ɗorawa sau ɗaya, a gaban jama'a, tafiya ta fasa, ta ɗanɗana abin da yayarta ke sha kullum. Shi ke nan. Ta mance cewa Yalwa ba ta iya cin alheri ita kaɗai ba.

Yalwa ta tara matan ƙungiya. Ta ce musu baƙin nan sun yi wa gari halacci, bai kamata a sallame su da awo tsura ba. Mata suka ce gaskiya ne, kunya ma ta kama su. Magana ta fita ƙauyuka. Kowace mace ta farke bakin buhu, ta dumbuza ta ƙara, ta ɗinke da hannu. Wasu har hannu biyu, don kada a ce maƙwabciya ta fi su kirki. Mudi yana babban birni wajen shirin bikin, bai dawo ba sai safiyar lodi. Hansai tana gani. Sau biyu ta nufi gidan Yalwa don ta hana ta, sau biyu ta ɗaga kai ta ga allon, ta juya.

Ranar lodi tasha ta cika. Jami'an gwamnati sun zo da manyan riguna, an kafa tutoci, wakiliyar tana kallo daga allo. Yalwa ta sha sabon leshi, akwatinta na gefe. Buhunta na farko ya shiga. Ruwan ɗorawa.

Wani abu mai daɗi ya ratsa Hansai tun daga ƙirji har yatsun ƙafa. Ba za a ɓoye ba, ta ji daɗi. Daɗin bai kai tsawon shan ruwa ba.

Buhu na biyu, ruwan ɗorawa. Na wata, ruwan ɗorawa. Na wata kuma, haka. Bel na ja, fitila na maimaitawa. Mudi ya ruga yana danne-danne, yana ihu a tsayar, amma makunnin tsayarwa ba a hannunsa yake ba, yana can bayan teku. Ɗanduba ya haɗa lissafinsa. Gari guda, rana guda, kowane buhu ya ɗara. A iliminsa wannan ba kuskure ba ne, shiri ne, kuma babu mai iya shirya gari guda sai gwamnati. Fitila ta yi ja. Bel ya tsaya. Ƙofofin jirgin gajimare suka rufe da kansu.

Daga baya aka fahimci yadda abin yake. Mutanen can sun gaji da gardamar ciniki, shi ya sa suka miƙa hukunci ga na'ura, suka rubuta cewa abin da ta yanke ya zauna, babu ɗan'adam da zai warware sai majalisarsu ta zauna. Gwamnatin ƙasar ta tura tawaga. Aka ce wani dattijo a cikinsu ya yi ta bayanin gyara har muryarsa ta dishe. Wakiliyar ma ta gane, an ce har ta share hawaye. Amma lokacin zaɓe ne a can, manomansu na kukan kayan waje, babu ɗan siyasar da zai tashi ya ce a buɗe wa baƙi ƙofa. Aka ɗora haraji mai nauyi a kan zoɓon ƙasar baki ɗaya. Jiragen suka tashi babu kaya, ba su dawo ba.

Aka sauke fuskar Yalwa daga bango. Hansai ta samu abin da take so. Yanzu tana iya bin kowace hanya ta ɗaga kai, allon baƙi ƙirin.

Ta haɗu da Mudi a bakin tasha. Bai gaishe ta ba. Ya dube ta kawai ya ce, "Gwaggo, ai na gaya miki." Ya jira. Ta kau da kai. Ya wuce, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da ya faɗa, wataƙila da ta fi samun sauƙi.

Matan da suka yi guɗa su suka koma zagi. Suka ce Yalwa ta kashe gari da iyayi. Ba ta taɓa cewa shawarar wani ce ba. Ta bi gida gida tana ba da haƙuri. Sannan ta nemo tsofaffin motocin ƙasa, ta hau saman kaya da kanta, ta yi ta yawon kasuwannin kan iyaka cikin zafin bazara, tana neman mai sayen zoɓon mata kafin damina ta ruɓar da shi. Ta sayar da wani, wani ya ruɓe. Ta dawo da tari da ƙafafu a kumbure, ta kwanta.

Hansai ce ta yi jinya. Wata rana da azahar tana ba ta kunu, Yalwa ta riƙe mata hannu.

"Yaya, kin daina dariya. Kada ki sa abin nan a ranki."

Hansai ta buɗe baki. Maimakon ta faɗi gaskiya, sai ta ƙara miƙa mata kunun.

"Ni ban yi nadama ba," in ji Yalwa. "In na haɗu da Inna, zan ce mata na ƙara. Ke kika tuna mini. Allah Ya saka miki."

Yalwa ba ta kai kaka ba.

Da maza suka dawo daga kasuwa da likkafani, mijin Yalwa ya miƙo shi ta bakin ƙofa. Hansai ta warware farin yadin don a yanka, ta ga ya yi yawa. Ta ce an yi kuskure a awo.

"Ba kuskure ba ne, Yaya," in ji shi daga waje. "Mai yadin ne ya ƙara taƙi biyu. Ya ce gyara ne, tun da na Yalwa ne."

Hansai ta zauna a ƙasa da yadin a cinya, har sai da wasu mata suka karɓa suka yanka.

Ɗanduba yana nan har yau a tashar Birnin Kanya. Ba a zo an ɗauke shi ba, rana kuma tana ba shi wuta kyauta. Masu ilimin da suka ƙera shi sun ba shi hancin da ke jin ƙwaro ɗaya a tsakiyar buhu, da idon da ke gani daga bayan teku. Kowace safiya yana farkawa, bel ya yi zagaye ɗaya babu komai a kai, ya auna iska, ya tarar babu ragi babu ƙari. Sai ya kunna kore.

Hansai takan wuce ta wajen da tirenta a ka, tana tallar zoɓo a mudu. In an saya takan dumbuza ta ƙara. Ba ta kallon fitilar.