Doguwar Sujadar Inna

A wani zamani an yi wata mata mai 'ya'ya bakwai. Da ta zauna sai kira: "Inna, ruwa! Inna, tuwo!" Ba sa shiru sai ta tayar da salla, don an koya musu ba a yi wa mai salla magana.

Sai ta riƙa tsawaita sujada, har ran nan barci ya kwashe ta, goshi a ƙasa, tun azahar har la'asar.

Maƙwabciyarta ta shigo aron rariya, ta tsaya jira. Da Inna ta ɗago, ta ce, "Baiwar Allah, ashe da waliyyiya muke zaune! Koya mini addu'ar nan mai gurnani."

Yabon ya yi wa Inna daɗi ƙwarai. Ta dubi carbinta, sannan ta ce, "Yaya, minshari ne. Sai ma na sake alwala na rama sallar."

Kashegari maƙwabciya ta tasa yaran gaba zuwa gidanta. Inna ta yi salla ido biyu, ta sallame, ta miƙe a tabarma. Ta bayan katanga ta jiyo, "Iya, ruwa! Iya, tuwo!" Ta gyara kwanciya.