Furen da Ya Ƙi Zafi

"Ka kashe min shi!"

Abin da na faɗa masa ke nan da safiyar Litinin, a tsakiyar ɗakin rainon tsirrai, tukunyar tana hannuna.

Ya ajiye jakar kayan aikinsa, ya dubi tukunyar, sannan ya dube ni.

"Likita, bari in duba injin tukuna..."

"Kar ka taɓa komai! Digiri talatin da tara! Ga ma'auni nan, karanta da idonka."

Ya karanta. Ma'aunin irin wanda ke riƙe zafi mafi tsanani da aka yi ne, ko da wuri ya huce daga baya. Bai yi gardama ba.

A lambun bincike nake aiki, sashen tsirran da suka kusa ƙarewa a duniya. Wata bakwai kafin wannan safiya aka kawo mana wani fure da ake kira okid, guda ɗaya tak, daga wani daji na kan tsauni inda gajimare ke kwana a kan itatuwa. Ganye huɗu gare shi, saiwoyinsa duk sun ruɓe a hanya. Na ƙona reza a wuta na yanke ruɓaɓɓun, na barbaɗa garin kirfa a bakin yankan, na ɗora shi kan gansakuka mai ɗan laima a tukunyar roba da ake hango cikinta. Abin da ya rage shi ne sanyin da yake so, kuma babu wanda ya san ko nawa ne.

Nan aka kira mai gyaran firiji, wannan da na yi wa ihu. Ma'aikata suna ce masa Ƙanƙara, saboda sana'arsa, da kuma yadda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Shi ya laƙaba min Likita, wai ina duba ganye kamar mai duba mara lafiya.

Tsohon firijin shago mai ƙofar gilashi ya samo, ya sa masa fanka da fitila, ya mai da shi ɗakin furen. Muka shiga gwaji. A digiri ashirin da takwas ganye ya yi laushi. A sha takwas ya tsaya cak, bai mutu ba bai motsa ba. Daga ƙarshe muka tsaya a ashirin da uku da rana, sha huɗu idan rana ta faɗi. A mako na sha ɗaya wani koren abu kamar ƙwayar shinkafa ya leƙo daga gindinsa. Kafin wata biyu saiwoyi sun zama uku.

Ranar da ta ukun ta fito ya ce, "Likita, ni fa ba don furen nan nake zuwa kullum ba."

"Na sani," na ce. "Rabon da injin nan ya nemi gyara tun watan jiya."

Ya yi dariya har ya dafa bango.

Umma kuwa da na gaya mata ba ta ga abin dariya ba.

"Mai gyaran firiji?" ta ce, tana ninke wanki ba ta ko kalle ni ba. "Auta, duk karatun nan da kika yi? Ga yaron kirki a wurin aikinku, ɗan aminiyata, kullum sai ya zo gaishe ni."

Mataimakin shugaban lambunmu take nufi. Sau biyu ya yi min maganar aure, sau biyu na ba shi haƙuri.

Shi ne ma ya shigo a safiyar Litinin ɗin, yana kaɗa makullin mota.

"Ai na faɗa tun farko," ya ce. "Abu mai daraja irin wannan, a sa shi a tarkacen bola? Malam, tattara kayanka. Aikinka da mu ya ƙare."

Ƙanƙara ya jira ko zan ce wani abu.

Ban ce ba. Ina kallon kan saiwoyin da suka koma ruwan ƙasa.

Ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Kar ki ƙara masa ruwa don tausayi. Ki bar shi a ashirin da uku."

Ya tafi.

Saiwa biyu suka bushe, na yanke su. Ɗaya ta rage. Mako uku ina zuwa aiki, ina rubuta awon zafi safe da yamma, ina komawa gida. Ban yi kuka ba, ban kuma kira shi ba. Mataimaki ya dinga leƙowa yana tambayar ko ina bukatar wani abu. Umma ta dinga yabon halinsa a kan abinci.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Injin da aka ce ya lalace bai sake ko tari ba, kuma babu wanda ya gyara shi.

Wata Alhamis na je karɓar makulli wurin Baba maigadi, yana shan shayi a ɗakinsa.

"'Yata, ya mara lafiyar naki?"

"Da sauƙi, Baba."

"Madalla. Ai ranar Asabar ɗin nan na ce wa Mataimaki, ranka ya daɗe, ɗakin nan ba a shiga sai da ita. Ya ce shi ne babba. Ya kuma dawo Litinin tun kafin mai shara ta iso."

"Wace Asabar, Baba?"

"Wadda aka kori yaron nan mai sanyi bayanta mana."

Na same shi a ofis yana waya. Na jira ya gama.

"Kai ka kashe injin ranar Asabar, ka kunna ranar Litinin."

Ya buɗe baki zai musa, sai ya fasa.

"Haba ƙanwata... fure ne fa kawai! So nake idonki ya buɗe, ki san wanda ya dace da ke."

"Ya buɗe," na ce.

Na rubuta abin da ya faru a takarda ɗaya, Baba ya dangwala hannu, na kai wa shugaba. Kafin ƙarshen wata an mai da Mataimaki sashen haɗa taki, can bayan lambu.

Shagon Ƙanƙara yana wani lungu tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujeru. Na same shi tsugune bayan wani firiji, wayar lantarki a bakinsa. Ya gan ni, ya ci gaba da aikinsa.

"Ba kai ba ne," na ce. "Mataimaki ne."

Ya cire wayar daga baki.

"Na san ba ni ba ne."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kin tambaye ni?"

Mai walda ya kunna injinsa, muka jira har ya kashe.

"Ba korar ce ta dame ni ba," ya ce. "Aiki ga shi nan har ya yi min yawa. Wata bakwai muna tare, ki ɗaga tukunya a gabana ki ce na kashe..."

"Na yi kuskure. Ka yafe min."

"Shi ke nan?"

"Ban iya dogon zance ba, ka sani. Ina sonka. Ban ci abincin kirki ba tun ranar."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Saiwa nawa suka rage?"

"Ɗaya."

"Kanta kore ne?"

"Jiya ya fara."

"To je ki, Malama. Zan zo in duba fankar."

Malama ya ce, ba Likita ba. Sai da aka yi kusan wata guda yana zuwa yana tafiya kafin sunan ya dawo bakinsa, shi ma suɓucewa ya yi.

Na gaya wa Umma komai. Ta ce, "Mutumin da zai halaka abin da kika raina wata bakwai don ya same ki..." Ba ta ƙarasa ba. Wannan bai sa ta so mai gyaran firiji ba. Ta dai ce ya zo. Awa biyu tana yi masa tambayoyi, yana zaune a ƙasa kansa sunkuye. Da zai tafi ta ce, "Malam, in za ka sake zuwa ka wanke baƙin man nan na farcenka."

A waje ya ce min, "Masoyiya, kin ji? In za ka sake zuwa ta ce!"

Bayan shekara aka ɗaura mana aure. Umma ta ci gaba da ce masa Malam.

Okid ɗin bai yi fure ba sai a shekara ta uku, lokacin saiwoyinsa sun cika tukunya har sun leƙo ta ƙasa. Fure biyar ya fitar, ƙanana, kore-kore da ɗigon ja, masu warin jiƙaƙƙen tsumma. Masana suka zo daga nesa suna ɗaukar hoto. Umma ma ta ce sai ta gani, mijina ya ɗauko ta.

Ta sa tabarau, ta matsa jikin gilashin, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Umma."

"Ikon Allah! Auta, ai furen kuɓewa ya fi shi kyau."

Mijina ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Ta cire tabarau ta gyara mayafi.

"Kai kuma dariyar me kake? Taso, ɗana, ka mai da ni gida. Sanyin nan naku zai kama min gwiwa."

Ya tsaya da makulli a hannu, ya dube ni, ya dube ta.

"Umma, me kika ce?"

"Ka ji ni sarai," ta ce, ta yi gaba abinta.