Tumatirin Mama da Kabejin Hajiya

Amarya na tsugune a bayan kicin, tana kallon lambunta da idanu jajur. Filin bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Farkon bazara Mamanta ta aiko mata da dashen tumatir talatin. Da Hajiya, uwar mijinta, ta ji labari, sai ga ta da kwali cike da dashen kabeji.

"Ai ba tumatir kaɗai ake ci a gidan ɗana ba!"

Wa za ta ɓata wa rai? Ta cusa duka, ko wurin sa ƙafa bai rage ba. Cikin sati biyar ganye ya koma rawaya, komai ya yi tsawo ya langaɓe.

"Tumatirin gidanku ne ya danne min kabeji," in ji Hajiya.

Mama kuwa ta waya: "In sun raina abin hannuna, ni suka raina!"

Mijinta, wanda tela ne, ya dawo daga shago a gajiye ya ce, "Ki tuge na Mama kawai a huta."

"Na Mama? Naku ne mai gata ke nan?"

Kwana uku ba ta kalli inda yake ba. Sai dai ba ta kai ƙara gida ba, kuma ko da wasa ba ta ɗaga wa Hajiya murya ba.

Ran na huɗu da safe ya same ta a lambun, hannunsa riƙe da buhun tsofaffin gwangwanaye.

"Sori, ranki ya daɗe, na yi wauta. Mu tuge rabi daga nan, rabi daga can, a kai wa su Mama da Hajiya. Kin yarda?"

Ta share hawaye. "Oke. Amma kai za ka kai musu!"

Suka tuge a hankali, suka dasa a gwangwanaye. Ya kai wa Hajiya tumatir, ya kai wa Mama kabeji.

Bayan sati biyu lambun ya farfaɗo. Rannan Hajiya ta kira, tana kame-kame.

"'Yata, ba ni lambar Mamanki. Tumatirin nan ya fara fure, ban san yadda ake kafa masa sanda ba."

Amarya ta toshe baki don kada dariya ta kuɓuce mata.

Mai son faranta wa kowa a lokaci guda, gidansa yake shaƙewa. Haƙuri da adalci su suka raya lambun, su kuma suka riƙe auren.