Layi Uku Ja a Goshin Jirgi

"Ran Juma'a a maida musu goronsu."

Wakili bai ɗaga kai ba da ya faɗi haka. Yana zaune a filin da yake haɗa jirage a bakin ruwan Yelwa, yana cusa auduga tsakanin katako biyu da wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki. Ɗiyarsa Khaulat ta tsaya da kwanon abincin rana a hannu, ta kasa ajiyewa.

"Baba... goron sa ranar?"

"Akwai wani goro a gidana?"

"Saura wata biyu fa, Baba."

"Saura babu."

Ta san laifin, domin da hannunta a ciki. Zulkiflu, saurayin da aka sa musu rana, ya haɗa wani wasa na waya. Mutane ne na gaske ya ɗauka a bidiyo. A labarin wasan, wani ɗan kasuwar kifi mai suna Dudu ya nutse a tafki, mutum huɗu ake zargi, mai wasa zai kalli bayanin kowa, ya yi musu tambayoyi, sannan ya nuna wanda ya yi kisan. Amsar ita ce maƙerin jirgi, wai ya bar kafa bai toshe ba da gangan.

Jirgin da aka nuna a wasan kuwa na Wakili ne. Wani tsohon jirgi da ya daɗe a kife a gefen fili. Khaulat ce ta ba su aronsa lokacin da uban ya tafi ta'aziyya Shanga. Ba ta tuna da layi uku ja da ke goshinsa ba, alamar da kowane masunci daga Yauri har Wara ya san ta Wakili ce.

"Jiya a masallaci," in ji Wakili, "Zaidu ya dube ni gaban mutane. Wai ashe jirgina ya ci mutum a cikin waya. Anka yi dariya."

"Wasa ne, Baba..."

"Shekara arba'in ina wanga aiki. Ba a taɓa ɗauko gawa daga jirgina ba. Yaron da ya sa sunana a bakin 'yan dariya ba shi zama surukina. Aje kwanon ki tafi."

Ta ajiye. Ba ta yi kuka a gabansa ba, don ba ya son haka.

Da la'asar ta sami Zulkiflu a inuwar mangwaron ƙofar gidansu. Ɗan malamin makaranta ne, a Birnin Kebbi ya yi karatu, ruwa kuwa daga gaɓa yake kallonsa.

"Masoyiyata, kin ga idonki kuwa?"

"Bar idona. Baba ya ce a maida goro."

Sai ya ce, "Zan cire wasan gaba ɗaya. Yau ɗin nan."

"Ka cire shi daga bakin Zaidu?"

"To me zan yi, Khaulat? Ɗaliban Sakkwato da Kaduna suna ta yabo. Sun ce ba su taɓa ganin irinsa da Hausa ba. Mutanen gida ne kawai..." Ya haɗiye sauran.

"Mutanen gida me?"

"Ba komai."

"Zulkiflu."

"Zagina suke yi." Ya kawar da kai. "Masunta. Ba su rubutu, saƙon murya suke turowa. Sun fi sittin. Na saurari guda biyar na daina."

Ta miƙa hannu. "Kawo wayar."

"Don Allah, rabin raina, kar ki ƙara mini."

"Kawo."

Ta kara wayar a kunne. Ta ji na farko, ta ji na biyu. A na huɗu ta toshe baki da gyale. Zulkiflu ya ɗauka kuka take, sai ya ga kafaɗunta na rawa.

"Dariya kike? Ana cin mutuncina kina dariya?"

"Gobe da hantsi ka zo fili. Da wayar nan. Baba zai ji su duka."

"A gabansa? Ya ji ana kirana sakarai?"

"Har da abin da ya fi sakarai akwai."

"Khaulat, ina da mutunci ni ma..."

Ta daina dariya. "Ni na ba da jirgin ubana saboda kai. Tun jiya bai kira sunana ba. In kunyar minti goma ta fi ƙarfinka, ka faɗa mini yanzu, in shiga in taya Inna ɗaure goron."

Ya karɓi wayarsa. "Ƙarfe nawa?"

Da hantsi ya zo, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a kan ɓawon katako. Wakili ya amsa sallama don Allah ya wajabta, bai ƙara ko harafi ba.

"Baba," in ji Khaulat, "mutanenka ne suka aiko da saƙo. Ka ji su, sannan ka yanke."

Ba ta jira izini ba, ta danna.

Muryar wani dattijo ta fito, ƙarar inji na bayanta. "Kai mai wasan ga, ni Usman ne daga Ngaski. Ƙarya kake. Shekara sha tara ina bisa jirgin Wakili, ko tafin ƙafata bai jiƙe ba. Ka sake lissafi, ba maƙeri ne ya kashe Dudu ba."

Hannun Wakili ya tsaya a kan ƙarfen.

Ta danna na gaba. Mace ce, mai kaifin murya. "Binta ce mai bandar kifi. Sau biyar ina zaɓen matar marigayin, sau biyar wayar na ce mini ban ci ba. Yaro, dubi idon matar nan da kyau, ita ce. Jirgi mai layi uku ba shi yoyo, kowa ya sani sai kai."

Na uku saurayi ne. "Ɗan boko, wanda kunka sa ya zama maƙeri ya riƙe ƙarfen toshi kamar zai sha koko da shi. A ina kunka samo shi? A banki?"

Zulkiflu ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. Khaulat ba ta tausaya masa ba. Ta sa na huɗu, ta sa na goma. Daga Wara, daga tsibiran cikin tafki, har da wani da ya ce ya fasa wayar ƙanensa don haushi. Duk magana ɗaya: wasan ya yi daɗi, amma ƙarshensa ba ya yiwuwa.

"Ya isa haka," in ji Wakili. "Nuna mini wurin da jirgin ya nutse."

Ta miƙa masa. Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya runtse ido. Ya kalla sau ɗaya, ya ce a maimaita.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Jirgi mai kafa daga ƙasa shi ka shan ruwa. Wanga ruwan daga sama ya shigo, gefen katakon duk a jiƙe. Mi kunka yi mishi?"

Zulkiflu ya dubi Khaulat. Ita ma ba ta san wannan ba.

"Baba... ƙin nutsewa ya yi."

"Ɗaga murya."

"Ƙin nutsewa ya yi. Mun zare audugar gefe guda, muka tura shi ruwa, muka jira awa biyu. Katakon ya kumbura ya rufe kansa. Sai muka kawo bokitai muna ta zubawa. Har yanzu yana sama. Daga ƙarshe duwatsu muka loda masa, mu shida, tun safe har azahar... Da muka kwashe duwatsun kuma ya taso da kansa."

Wakili ya juya ya dubi tsohon jirgin a inda yake kife. Gefen bakinsa ya motsa kaɗan, ya maida shi wurinsa.

"Mutum shida," ya ce.

"Shida, Baba."

"Shekararshi goma sha ɗaya bai ga ruwa ba."

Can wani jirgin fasinja ya taso daga tasha, igiyar ruwansa ta zo ta daki gaɓa.

"Abin da ka faɗa yanzu," in ji Wakili, "za ka tsaya gaban na'urarka ka faɗe shi, da bokitan da duwatsun. Ka sa shi inda ka sa ƙaryar. Wanda ya kashe Dudu kuwa, ku je ku nemo shi wani wuri. Ba a filina yake ba."

"Zan yi, Baba. Wallahi zan yi."

"Ban tambaye ka rantsuwa ba."

Sai ya juyo ga ɗiyarsa.

"Ke kuma. Kin san wane jirgi kika ba da aro?"

"Tsoho ne, Baba... na ɗauka ba ka bukatarsa."

"A cikinshi na ɗauko uwarki daga Shanga ranar da anka ɗaura mana aure. Ni na haɗa shi, ni na tuƙo. Shi ya sa ban sayar ba, ban fasa shi na yi wuta ba."

Hawayen da ta riƙe kwana biyu suka sauko. Ta durƙusa kusa da ƙafarsa. "Ban sani ba, Baba. Ka yafe mini."

"Ba ki tambaya ba." Ya ɗora tafinsa mai kaushi a kanta, ya ɗauke da sauri. "Tashi, Khaulat. Akwai ƙusoshi a ƙasa."

Ta tashi tana share fuska. Ta kasa tambayar abin da ke ranta, sai Zulkiflu ya yi ƙarfin hali.

"Baba... maganar Juma'a fa?"

Wakili ya ɗauki ƙarfen toshi da dunƙulen auduga ya jefa gabansa.

"Kai ka zare audugar, kai za ka maida ta. Da hannunka, ni ina kallo. In ka gama ka shafe shi da kwalta, ka shiga, ka tuƙa zuwa tsibiri ka dawo. In ƙafarka ta jiƙe, ka sake daga farko. Ranar da ka dawo a bushe, goro ya zauna."

Zulkiflu ya dubi faɗin ruwan. "Baba, ban iya iyo ba."

"To ka toshe da kyau."

Khaulat ta yi dariya cikin hawaye. Zulkiflu ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki ƙarfen, ya nufi jirgin. Bai kai ga saka audugar farko ba Wakili ya taso, ya tsaya a bayansa, ya kama hannunsa ya gyara masa riƙo.

"Haka. A hankali. Ɗiyata za ta shiga wanga jirgi bayanka."