Taurarin da Auta Ta Liƙa wa Kwamfuta

Ku matso kusa, yara, ku ji abin da Auta ta yi.

Auta ita ce ƙarama a gidansu, tana aji huɗu. Yayarta tana da wata kwamfuta siririya, ko littafin lissafi ya fi ta kauri.

Wata Asabar gidan ya tashi da murna. Matar Kawu ta haihu a wata ƙasa mai nisa, kuma Kawu ya ce zai kira da ƙarfe goma ya nuna musu jaririn. Idon Kaka ya yi rauni, ba ta gani sosai a waya. Shi ya sa za a yi kiran a kwamfuta.

Da safe Auta ta ɗauki kwamfutar tana goge mata ƙura. Da ta juya ta, sai ta ga ƙananan ƙofofi a jere a ƙasanta.

"Kai! Tururuwa za ta shiga nan," in ji ta a ranta.

Ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗauko sitikunta masu taurari, ta liƙe ƙofofin tas, ta mayar da kwamfutar kan tebur.

Ƙarfe goma Kawu ya kira. Aka yi ta gaisuwa. Kaka ta tambayi mai jego, ta tambayi aiki, ta tambayi sanyin garin. Ana cikin haka kwamfutar ta fara huci, fuuu!

"Bari in ɗauko muku shi," in ji Kawu.

Bai dawo ba allon ya yi baƙi ƙirin.

"Ina mijin nawa?" in ji Kaka. "Tun bai gan ni ba ya gudu?"

Yaya ta taɓa kwamfutar, ta janye hannu. "Wayyo, zafi kamar dutsen guga!"

Auta ta tuna da taurarin da ta liƙa. Mama ta aika a kira maƙwabcinsu mai gyaran kwamfuta. Auta ta dubi Kaka, ta ga ta daina dariya tana ta kallon allon. Sai ta kasa daurewa.

"Ni ce," in ji ta a hankali. "Na rufe ƙofofin ƙasa saboda tururuwa."

Da mai gyara ya iso, ya juya kwamfutar, ya ga taurari, ya fashe da dariya.

"Auta, ai hancinta kika toshe! Ta nan take shaƙar iska. Akwai 'yar fanka a ciki mai fitar da zafi."

"To, a sa mata babbar fanka mana, Baba."

"A ina? Dubi sirantarta. Irin wannan komai na cikinta a manne yake, babu wurin ƙara wani abu. Yadda aka saye ta, haka za ta zauna. Abin da take so kawai a bar ta ta sha iska. Kada a ɗora ta a katifa ko matashi."

"Ki yi haƙuri, Yaya," in ji Auta.

"Ya wuce, sarkin kwalliya. Amma ke za ki ɓare su."

Auta ta zauna tana ɓare sitikun ɗaya bayan ɗaya. Duk suka yage. Mai gyara ya sa littattafai biyu ya ɗan ɗaga kwamfutar. Da ta huce, Yaya ta kunna, ta kira Kawu.

Sai ga jariri ya cika allon, yana hamma!

"Masha Allah!" in ji Kaka, tana tafi. "Ku dubi kunnuwa! Wannan mijin nawa ba kyau, amma na karɓa."

Kowa ya kwashe da dariya, har Kawu daga can.

Mama ta jawo Auta jikinta. "Niyyarki mai kyau ce, kuma na ji daɗi da kika faɗi gaskiya. Me kika koya?"

"In ban san amfanin abu ba, in tambaya kafin in taɓa shi."

"Yawwa 'yar albarka. Matso ki gaida ƙanenki."