Akwatin 'Yar Lilo

Da yammacin wata Talata, Lorene Haskett ta dawo gida da wani tsohon akwati a bayan mota. Ita ke kula da sashen laburaren jami'a inda ake adana tarihin masu wasa a cikin tanti: hotuna, wasiƙu, da kayan 'yan lilon sama. Akwatin kyauta aka ba su, amma ya yi fumfuna, sai ta ce bari ta shanya shi a tsohuwar bargar gidanta. Kowa a garin nan ya san ba a buɗe akwatin ɗan wasa a gidan da ba nasa ba. Lorene ma ta sani, boko ne dai ya yi mata yawa.

Rana na faɗuwa aka fara jifan rufin kwano. Tsakuwa ɗaya-ɗaya, a jere, kamar mai kaɗa ganga. Kwana uku ana haka. A na huɗu, 'yarta Della ta daina amsa sunanta. Da duhu ya fara shiga, Lorene ta same ta a barga, tsaye can sama a kan katakon da ya tokare rufi, ta naɗe wuyan hannunta da tsummokaran cikin akwatin. Ƙasa kuwa siminti ne.

"Della, sauko, 'yata."

"Ba a gama ba," in ji muryar wata tsohuwa daga bakin yarinyar.

Aka ɗauko Orval Pruitt, dattijon coci. Shekara talatin ya yi yana cafe 'yan lilo a sama, kuma irin wannan larura wurinsa ake kai ta. Ya cire hularsa, ya ɗaga kai.

"Wace ce a sama?"

"Ka tsufa, Orval. Ji hannunka sai rawa yake."

"Yana yi. Me kike nema a jikin 'yar mutane?"

"Shekara sittin ina kulle a akwatin nan," in ji aljanar. "Ina tsakiyar wasa guguwa ta yaga tanti, kowa ya gudu. Tsalle ɗaya ya rage mini. Miƙo hannu."

"Ba zan iya riƙe ta ba, kin sani. Kashe ta za ki yi."

"To sai in yi ba mai cafewa."

Yatsun ƙafar Della suka matso bakin katakon.

"Tsaya," in ji Orval. "Ai ba tsalle ke rufe wasa ba, tafi ne. Ki rusuna, a tafa miki, ki kama gabanki."

Aljanar ta juyo da fuskar Della wajen Lorene.

"Ba na son naka. Na uwar nake so, ita da ke tara mu a kwalaye ta hana kowa ko tari."

Lorene ta haɗa hannuwanta da kyar, ta fara tafi tana kuka. A hankali Della ta rusuna a kan katakon. Sai wata iska mai sanyi ta fice ta ƙofa.

"Mama?" in ji Della da muryarta. "Mama, ta ina zan sauko?"

Orval ya tafi neman tsani. Lorene ba ta yarda ta daina tafi ba sai da ƙafar yarinyar ta taɓa ƙasa.